Harsashi Ɗaya a Gaban Takalmin Alhaji

Ku 'yan ajin Lahadi, musamman kai Bashir da kake ɗaga yatsu biyu a bayan masallaci kana harbin iska, ku matso ku ji daga bakin tsohuwar ma'aikaciya. Shekarata goma sha takwas, uku daga ciki na yi su ne a shagon gyaran bindiga da ke kan titin High Point, kowace Asabar da kowane hutun makaranta. A lissafina wannan ya kai shekara arba'in na aikin ofis, don haka ku ba ni girmana.

Kun ce aikin ba wuya, wai a shafa wa ƙarfe mai ne kawai a goge da tsumma. Kaset ɗin bidiyo ne ya ruɗe ku, inda mutum yake gudu yana harbi da hannu ɗaya, bindigarsa ba ta cijewa, harsashinsa ba ya ƙarewa har a rubuta sunayen 'yan wasa. Ni kuwa ina ganin bindigogin nan ranar da suka dawo daga hannun masu su, kuma wasu in kun gan su sai kun yi musu jaje.

Mai shagon wani dogon Bature ne, Mista Roy, wanda in ya yi dariya sau biyu a wata ɗaya sai mu fara tunanin ko ba shi da lafiya. Shi ke tsayawa a kanta. A ɗakin baya kuma Kawu Isuhu ne, yayan Mama, wanda ya daɗe yana gyara makaman jandarma a Damagaram kafin ya zo nan Amurka. Hannunsa ya san ƙarfe, amma Turancinsa bai wuce gaisuwa da "oke" ba. Abin da ya shigar da ni ke nan: aka ce in riƙa yi masa tafinta. Baba ya sa hannu a takardar yarda, Mama ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba, ni kuma na samu kujera a gefen bencin Kawu.

Ranar farko Kawu ya ajiye bindigogi biyu a gabana. Ɗaya libarba ce, mai juyawa, wadda in ka buɗe ta za ka ga ramukanta gaba ɗaya, babu abin da take ɓoye maka. Ɗayar ita ce mai ɗura kanta. Harsasanta a jere suke cikin gidansu, wanda ake turawa ta ƙasan mariƙi, Kawu yana ce masa sharja. In an harba, marfin sama ya zame baya, ya tofar da kwanson da ya ƙone, ya dawo ya tura sabon harsashi cikin wani ɗan ɗaki a gindin bututu. Ku riƙe wannan ɗan ɗakin a ranku, domin a kansa aka kusa korata. Kana iya cire sharja ka sa a aljihu, ka rantse da duk abin da ka sani cewa bindiga ba komai, alhali ɗaya yana kwance a ɗaki yana jiran yatsa.

Don haka doka ɗaya ce a shagon. Duk bindigar da ta shigo hannunka, ka juya bakinta ga bokitin yashin da ke ƙasan kanta, ka cire sharja, ka ja marfi, ka leƙa ɗaki da ido, ka taɓa da ɗan yatsa. Ko yanzun nan wani ya duba a gabanka, sai ka sake. Mista Roy ya nuna mini wani rami a jikin bango da ya zagaye da jan fenti. Ya ce wani ma'aikacinsa ne ya yi shi, kuma mutumin yanzu tayoyi yake sayarwa. Ya ɗaga yatsu biyu: kuskuren farko gargaɗi, na biyu ƙofa.

Wata shida na farko ban gyara komai ba. Shara, wanke burushin tagulla, yanka tsoffin singileti su zama tsumma, da jera sukudirebobin da Kawu ya wasa da kansa, waɗanda ko Mista Roy ba ya taɓawa. Ranar da aka ba ni izinin kwance bindiga ta farko, sifirin ɗinta, ɗan murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle, ya kuɓuce mini. Ban gan shi ba, ƙararsa kawai na ji. Na yi awa biyu ina rarrafe da tocila. Har yau ina kyautata zaton yana can yana kewaya duniya. Kawu bai yi faɗa ba, ya miƙo mini babbar leda ya ce daga yau a cikinta zan riƙa kwance duk abin da ke da sifirin, hannuwana a ciki kamar mai kwaɓa fulawa.

Kuskurena na farko Alhaji Sule ne ya kawo shi. Kun san shi, mai kantin da iyayenku ke sayen garin masara da busasshen kifi. Shi ya ɗauko mu daga filin jirgi ranar da muka sauka ƙasar nan, a falonsa muka yi wata biyu kafin mu samu gida a unguwar Glenwood. An taɓa yi masa fashi a kanti, shi ya sa ya bi hanya ya samu lasisi ya ajiye ƙaramar bindiga. Wata Asabar ya shigo da ita a wanke masa.

"A'a, Zulai! Ke ce a nan? Ina Mamanki?"

Na rusuna na gaishe shi. Ya ciro bindigar daga jaka ya miƙo mini, ya ce, "Karɓi, 'yata. Na cire komai tun a gida."

To ku gaya mini, wane ne a cikinku uwarsa ta koya masa cewa in babba ya ce abu, sai ya bincika a gabansa? In Alhaji ya ba ki kuɗi ba kya ƙirgawa a idonsa. In ya ce ruwa ya tafasa ba kya buɗe tukunya. Hannuwana biyu suka miƙa da kansu, na karɓa na ce na gode, na kai benci na ajiye kamar wadda aka aiko da kwanon tuwo.

Kawu ya ɗauka ya duba. Ba komai a ciki, gaskiya Alhaji ya faɗa. Amma Mista Roy ya gani. Bayan Alhaji ya fita ya tako har bencinmu, ya ɗaga yatsu biyu ya lanƙwasa ɗaya.

Na yi ta yi masa bayanin al'ada har bakina ya bushe. Ya saurara, sannan ya ce harsashi bai san al'ada ba. Na juya ga Kawu ina neman ɗan'uwa.

"Kawu, ai ka san ba zan iya yi wa Alhaji haka ba."

"Na sani, ɗiyata," in ji shi, yana goge hannu. "Ni ma na taɓa karɓa haka daga hannun kumandanmu. Ba ki lura wannan kunnen nawa ba ya ji ba?"

Daga ranar na zama mai rai ɗaya a shagon. A haka na yi sauran koyon nawa.

Wani direban babbar mota ya kawo mana bindiga cikin safa. Tun farkon bazara ya cusa ta ƙarƙashin kujera ya manta. Kun san zafin garin nan, wanda iska kanta a jiƙe take. Da muka zare safar sai ga abu ja wur, kamar an tono shi daga kabarin Fir'auna. Na ce wannan sai bola. Kawu ya ce a Damagaram rairayi ne abokin gaba, shi ya sa can ba a cika wa bindiga mai, amma a nan laima ce, in ka hana ta mai ka kashe ta. Ya jiƙa ta kwana uku, muka bi ta da burushi gaɓa-gaɓa, ya sake mata sifirin biyu. Aka kai ta filin gwaji ta yi aiki kamar ba abin da ya same ta. Ƙarfen kirki haka yake, fuskarsa ce ke lalacewa. A satin nan kuma wani ya kawo wata mai ƙyalli kamar madubi, ta arha, wadda marfinta ya tsage tun ba a je ko'ina ba. Kawu ya auna ta a tafin hannu ya ce, "Wannan tukunyar dalma ce aka narka." Ya ƙi gyarawa. Ya ce in gaya wa mutumin in yana son yatsunsa ya rabu da ita. Na fassara, na ɗan ƙara gishiri, na ce har da gira.

Akwai wani ƙaton mutum, ƙirjinsa kamar firji, da ya dawo da bindigarsa sau uku wai tana cijewa. Sau uku Kawu yana kwance ta bai ga komai ba. Na huɗun ya ce a tafi filin gwaji tare. Mutumin ya harba, hannunsa ya yi lagwai-lagwai, kwanso ya maƙale. Ashe irin wannan bindigar sai ta samu hannu tsayayye da za ta dogara da shi, sannan marfinta ya iya zuwa baya ya dawo. Wata tsohuwar nas da ke gefe, wadda ba ta kai kafaɗata ba, ta karɓa ta harbe sharja guda ba ko tari. Kawu ya ce in gaya masa bindigarsa lafiya lau, wuyan hannunsa ne ke bukatar gyara, kuma ba ma yin wannan a shagonmu. Wannan karon rage gishiri na yi.

Maganar daraja kuma wata tsohuwa ce daga unguwar Irving Park ta koya mini. Mijinta ya rasu ya bar bindigar da ya dawo da ita daga yaƙi, tana so a faɗa mata abin da za ta yi. Don kada ta kawo mana abu da datti, sai ta kwana biyu tana dirzar ta da soson ƙarfe har ta yi fari tas. Mista Roy ya buɗe akwatin, ya rufe, ya fita waje ya tsaya yana kallon motoci. Baƙin launin nan da ta kankare, da ɗan goguwar da shekaru suka yi masa, su ne masu tara irin waɗannan ke nema. Da hannunta ta wanke fiye da rabin kuɗin. Daga nan na san cewa ba ƙyalli ake saye ba. Ana duba cikin bututu, a duba ko sassan duk na asali ne, a duba ko wani mai ƙwazo bai riga ya taimaka mata ba.

Sai shekarar wahala ta zo. Bindigogin roba suka cika gari, masu mariƙin baƙar roba, marasa nauyi, munana kamar bulo. Kawu ya raina su. Ya ce abin da aka yi da kayan bokiti ba zai kai baɗi ba. Ya ɗauko ɗaya ya bar ta ba mai, ya zuba mata ƙasa, ya jefa ta a kwatamin bayan shago, duk don ya kama ta da laifi. Ta ƙi mutuwa. Sassanta kaɗan ne, in ɗaya ya gaji mai ita ma yana iya sakewa a teburin cin abincinsa. Kawu ya dube ta ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon. Ba ta da kyau, amma ba ta da ƙarya." Mutane suka yi ta ajiye na ƙarfe suna sayen ta, bencinmu ya bushe. Akwai Asabar ɗin da na share shagon sau huɗu, har tsintsiya ta fara roƙona. Mista Roy ya rage wa Kawu kwana biyu a mako, kuma na lura yana duban kujerata kamar mai auna ko za ta fi amfani in an ɗora mata kwali. Ba sai an gaya mini ba: ɗan dalili kaɗai yake jira.

A cikin wannan hali, wata Asabar da azahar, Kawu yana ɗakin baya yana salla, Alhaji Sule ya turo ƙofa. Ba shi kaɗai ba, da baƙi biyu da suka zo daga Kano ganin 'ya'yansu a jami'a, manyan mutane da manyan riguna. Yana zagayawa da su gari ne, ya biyo ya nuna musu inda 'yarsa take aiki. Mista Roy yana tsaye a ƙarshen kanta, ya naɗe hannu.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen da ban taɓa gani ba. Sannan Alhaji ya ciro bindigar. Ya zaro sharja daga aljihu ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Ga shi, na cire. Karɓi ki kai wa kawunki."

Na karɓa da hannu biyu. Ƙafata ta ɗaga za ta nufi benci. Na tsayar da ita. Na juya bakin bindigar ga bokitin yashi.

"Me za ki yi?" in ji Alhaji.

"Dubawa zan yi, Alhaji."

"Ba ga gidan harsashin a hannuna ba? Zulai, ni zan yi miki ƙarya?"

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi 'yar dariya ya ce, "Yaran Amurka ke nan, Alhaji. Sai haƙuri."

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na ga fuskar Mama, na ga falon da muka kwana wata biyu, na ga kuma ramin nan mai jan fenti daidai saman hular Alhaji. Na rusuna har gwiwata ta kusa taɓa ƙasa, bakin bindigar yana kan yashi, na ce, "Alhaji, ba kai nake tuhuma ba. Ita nake tuhuma."

Na ja marfin.

Harsashi ya yi tsalle ya fito. Ya bugi gilashin kanta, ya faɗo ƙasa, ya gangara a hankali kamar wanda aka aika, ya je ya tsaya a gaban takalmin Alhaji.

Ana jin kabbarar Kawu daga ɗakin baya. Baƙon da ya yi dariya ya ja da baya har ya taka rigar ɗan'uwansa. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a hankali, "Innalillahi. Ranar Talata ne. Wasu yara suka tsaya a ƙofar kanti, na ɗana ta, suka wuce, na manta." Ashe kwana huɗu tana haka, kuma da safen nan a kujerar bayan motarsa ya ajiye jakar, kusa da jikarsa.

Na leƙa ɗakin da ido, na taɓa da yatsa, na ajiye ta a buɗe. Alhaji ya ja baƙinsa suka fita. Mista Roy ya tako ya ɗauki harsashin, ya juya shi, ya sa mini a tafin hannu. Sai ya ɗaga hannunsa da yatsa ɗaya a lanƙwashe, ya miƙe shi. Yatsu biyu. Ya koma wurinsa. Wannan ita ce doguwar hirar da muka taɓa yi da shi, kuma kujerata ba a ɗora mata kwali ba har yau.

Kawu ya fito yana naɗe darduma ya ce, "Mi ya faru?" Na buɗe hannu. Ya duba, ya shafa kunnensa marar ji, ya ce, "To, wala, shi ke nan. Yanzu kin fara aiki." Shekara biyu da rabi ina shara, wai yanzu na fara.

Saura gida. Na tabbata kafin in isa labari ya riga ni, an ce na ƙaryata Alhaji a gaban baƙi. Na shirya wasiyyata a cikin bas, na bar wa ƙanina rediyona. Na tarar da Mama a kicin da wayar tarho a kunne tana cewa, "To, Alhaji. Madalla, Alhaji. Allah ya saka." Ta ajiye ta dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji Sule ya ce kina da hankali."

"Ni?"

"Ni ma na tambaya. Je ki cire kayan nan, kina warin mai."

Aikin ya dawo daga baya, ba kamar da ba, amma ya dawo. Ta roba ma ashe tana bukatar wanda zai duba ta, kuma masu tsoffin na ƙarfe ba su ƙare ba. Ni ce yanzu nake karɓar duk abin da ya shigo, kuma maganar nan ta zama bakina, ina faɗa wa Bature da Bahaushe: ba kai nake tuhuma ba. Alhaji kuwa tun daga ƙofa yake shigowa da tasa a buɗe, marfi a baya, kamar mai nuna wa likita haƙori. Duk da haka sai na leƙa, shi kuma sai ya gyaɗa kai.

Na san abin da za ku ce, domin kun ji shi da kunnenku ranar sallar da ta wuce, yana gaya wa mutane a harabar masallaci cewa shi ya koya mini wannan ƙa'ida, wai tun ina ƙarama yake ce mini kada in yarda da bindigar kowa ko da tasa ce. Kun ga ya kira ni ya ce, "Ko ba haka ba, Zulai?" Kun ga kuma na rusuna na ce, "Haka ne, Alhaji."

Kai Bashir har ka zo kana zungurata wai me ya sa ban bincika wannan maganar ta Alhaji ba. Ai na leƙa. Babu harsashi a ciki, sai na bar masa.